'Yan Ashirin na Burasels: ƙungiyar da ta kori alƙalai, ta damƙa ragama a hannun lauya

A ranar 28 ga Oktoba 1883 wasu matasa masu zane da masu sassaƙa suka zauna a birnin Burasels na ƙasar Beljiyam, suka kafa ƙungiyar da za ta riƙa baje kolin ayyukansu sau ɗaya a shekara. Ba su sha wahalar neman suna ba. Sun yanke cewa su ashirin za su kasance, sai suka rubuta adadin da lambar Rumawa, Les XX, wato 'Yan Ashirin. Shekara goma ƙungiyar ta yi a duniya, ta shirya baje koli goma daga 1884 zuwa 1893, sannan ta rushe kanta da kanta, ba hukuma ce ta rufe ta ba. A cikin shekarun nan goma kuwa, da wuya ka kira sunan wani daga cikin waɗanda yau ake ɗauka iyayen zanen zamani a Turai a ce bai rataya aikinsa a bangonta ba. Monet da Renoir da Pissarro sun zo, haka Seurat da Gauguin da Cézanne da Van Gogh da Toulouse-Lautrec da Rodin. Da dama daga cikinsu a lokacin ko a Faris, garin da suke zaune, ba su da mai saye.

Sai an san yadda mai zane yake samun na tuwo a Beljiyam ta wancan zamani kafin a gane abin da ya tunzura matasan nan. Babban baje kolin hukuma, wanda ake kira Salon, yana zagayawa ne tsakanin Burasels da Antwerp da Ghent, kowane birni sau ɗaya a shekara uku. Can attajirai ke zuwa sayayya, can gwamnati ke zaɓar abin da za ta saya wa gidajen tarihinta, can ake raba lambobin yabo, can kuma 'yan jarida ke fara jin sabon suna. Ƙofar shiga tana hannun kwamitin alƙalai, akasarinsu malaman makarantun zane da waɗanda suka riga suka yi suna. Abin da suke so sananne ne: labarin tarihi ko na addini, ko hoton wani babban mutum, an goge fentin ya yi sumul har ba a ganin sawun buroshi. Wanda ya kawo launi mai kaifi, ko ya bar fenti ya yi tudu a kan ƙyalle, sai a mayar masa da kayansa. In ma an karɓa, ana iya maƙala shi can kusa da rufi, domin ana jera zane ne daga ƙasa har sama, babu masaka tsinke.

Ba 'Yan Ashirin ne suka fara ƙorafi ba. Tun 1868 aka yi wata ƙungiyar masu neman 'yancin zane a Burasels, a 1876 kuma tsofaffin ɗaliban makarantar zane ta birnin suka kafa tasu mai suna L'Essor. Matsalar ita ce L'Essor ma ta yi nata kwamitin tantancewa, da shugabanni, da dokoki, har ta fara kama da abin da ta gudo daga gare shi. Wani saurayi ɗan garin Ostend na bakin teku, James Ensor, ya zana wata mata zaune ita kaɗai a tebur tana cin abincin teku, kwalabe da kofuna a gabanta, haske ya cika ɗakin. Salon na Antwerp ya ƙi zanen a 1882. Da ya kai wa 'yan uwansa na L'Essor, su ma suka ƙi. Mutum goma sha ɗaya ne suka fara haɗa kai, galibinsu daga L'Essor ɗin suka fice, suka gayyato tara suka cika ashirin. Akwai Ensor, da Théo van Rysselberghe, da Fernand Khnopff, da Willy Finch, da Guillaume Vogels. Akwai ɗan Sifaniya Darío de Regoyos, da ɗan Girka Périclès Pantazis wanda ajali ya riske shi a watan Janairu 1884, 'yan kwanaki kafin a buɗe baje kolin farko.

Tsarin da suka shimfiɗa martani ne ga duk abin da ya ɓata musu rai. Babu shugaba. Babu alƙalan tantancewa, kowane mamba shi zai zaɓi abin da zai nuna, a jera masa ayyukansa wuri guda yadda mai kallo zai gane hannunsa. Babu takardar aƙida da ta ce ga irin zanen da za a yi. Mutum uku ne ke ɗaukar nauyin shirya baje kolin kowace shekara, ana yin karɓa-karɓa. In gurbi ya samu, ta hanyar mutuwa ko murabus, sai a kaɗa ƙuri'a a kan wanda zai cike shi. Haka aka yi ta yi har jimillar waɗanda suka taɓa zama mambobi ta kai 32. Ƙa'ida ta ƙarshe ita ce ta fi kowace tasiri: kowace shekara za a gayyato wasu masu zane daga waje, 'yan ƙasa da baƙi, kimanin ashirin su ma, su nuna nasu tare da na masu gida.

A wannan shekara ta 1884 aka kafa wata ƙungiya a Faris, ta masu zane masu zaman kansu, wadda ita ma ta soke alƙalai da lambobin yabo. Amma ita ƙofarta a buɗe take ga duk wanda ya biya kuɗin shiga. Sakamakon shi ne cunkoso, gwani da ɗan koyo da mai zanen ranar hutu duk a bango ɗaya. 'Yan Ashirin ba su bi wannan hanya ba, kuma a nan ne nake ganin asirin lamarin yake. Ba tantancewa suka soke ba, wurinta suka sauya. A Salon ana duba zane a ƙofa a ce ya shiga ko kada ya shiga. A wurin 'Yan Ashirin ana duba mutum ne tun kafin ya ɗauki buroshi don baje kolin, in an amince da shi sai a sakar masa mara. Hukuncin ya koma cikin ƙuri'ar shigar da mamba da kuma wasiƙar gayyata. Wanda ke rubuta wasiƙar kuwa ba mai zane ba ne.

Octave Maus lauya ne, ɗan gidan masu hali, mai son kiɗa, yana kuma kaɗa fiyano. Shi aka naɗa sakatare, aka ba wani Victor Bernier ma'aji. A takarda aikin sakatare shi ne rubuta wasiƙu, da neman ɗakin baje koli daga hukuma, da kula da jigilar akwatuna, da buga kundin sunayen ayyuka. Amma kwamitin mutum uku yana sauyawa kowace shekara, sakatare kuwa yana nan daram. Duk wanda ya taɓa zama a ƙungiyar da ba ta da shugaba ya san inda iko ke gangarawa: wurin wanda ke riƙe da adireshin kowa. Bugu da ƙari, Maus yana cikin masu tafiyar da mujallar mako-mako ta L'Art Moderne, wadda shi da babban lauya Edmond Picard da wasu suka kafa a 1881. Wato mutumin da ya aika gayyata shi ne kuma mujallarsa za ta fito ta yaba abin da aka nuna, ta mayar wa masu suka martani. Ba na ganin wannan a matsayin zamba, domin kowa ya sani a lokacin. Sai dai ya nuna cewa 'yancin da ake ta yayatawa yana da mai tsaron ƙofa, sa'ar da aka yi ita ce mai tsaron yana da ido.

An buɗe baje kolin farko a ranar 2 ga Fabrairu 1884. Cikin baƙin akwai Rodin, da Ba'amurke James Whistler, da Bajamushe Max Liebermann. Jaridun masu ra'ayin riƙau suka yi musu ca, masu zanen barkwanci suka samu abin yi, jama'a kuma suka yi ta tururuwa, wasu don kallo wasu don dariya, duka dai sun biya kuɗin ƙofa. Wani abin lura shi ne ɗakunan da suke baje kolin na gwamnati ne. Masu tawaye ne, amma a gidan tarihin hukuma suke tawayen. A shekaru ukun farko mambobin da hannunsu ya fi karkata ga tsohon salo, har da wasu 'yan Antwerp, suka yi ta zamewa ɗaya bayan ɗaya, aka maye gurbinsu da irin su Jan Toorop, ɗan Holan haifaffen tsibirin Java, da Félicien Rops, da Anna Boch, mace ɗaya tilo da ta taɓa zama mamba. Ba a kori kowa saboda salonsa ba, amma ƙuri'a ta yi aikin da alƙalai ke yi.

A 1886 aka gayyato Monet da Renoir, cikin waɗanda Faransawa suka laƙaba wa Impressionnistes, masu fita fili su bi hasken rana da yadda yake sauya launin abu. A shekarar ne kuma ɓaraka ta fara fitowa. Ensor ya zargi Khnopff da satar fasalin wani zanensa na mai sauraron kiɗa a falo. Da aka kawo shawarar a mayar da Whistler cikakken mamba, Ensor ya rubuta wa Maus yana adawa, hujjarsa ita ce akwai matasan Beljiyam da suka fi buƙatar gurbin, kuma mutumin da ya riga ya yi suna ba abin da zai ƙara wa ƙungiya sai tsufa. Whistler bai shiga ba, ya ci gaba da zuwa a matsayin baƙo. Abin dariyar shi ne Ensor ɗin da ke kare 'yan ƙasa, mahaifinsa jinin Ingilishi ne. Amma tambayar da ya tayar ta gaske ce, kuma ba a taɓa amsa ta a rubuce ba: ƙungiyar nan don tallata mambobinta aka kafa ta, ko don nuna wa Burasels mafi sabon abin da ake yi a Turai? A shekarun farko manufofin nan biyu suna tafiya tare. Daga 1887 suka fara rabuwa.

A bazarar 1886 wani matashi ɗan Faris, Georges Seurat, ya nuna wani ƙaton zane a baje kolin ƙarshe na Impressionnistes, tsayinsa kimanin mita 2, faɗinsa mita 3. Mutanen birni ne suna shan iska ranar Lahadi a tsibirin La Grande Jatte da ke cikin kogin Seine, sun sandare kamar gumaka. Marubuci Émile Verhaeren, wanda ke rubutu a L'Art Moderne, ya gani, Van Rysselberghe ma ya gani, Maus ya aika gayyata. A Fabrairu 1887 zanen ya hau bango a Burasels, Seurat da abokinsa Paul Signac suka zo buɗewa.

Abin da Seurat ya kawo ba sabon labari ba ne, sabuwar hanyar shafa fenti ce. Maimakon ya gauraya launuka a faranti kafin ya shafa, sai ya riƙa ɗiga su daban-daban, ƙananan ɗige-ɗige na launi tsantsa kusa da juna, yana dogara da abin da masana kimiyyar launi suka rubuta cewa idon mai kallo zai haɗa su da kansa in ya ja da baya. Wanda ya taɓa riƙe hula kube ya kawo ta dab da idonsa ya ga zare-zare masu launi daban, ya miƙa hannu ya ga fure ya fito, ya riga ya fahimci dabarar. Manufar ita ce launi ya fi haske, kada ya dushe kamar yadda yake yi in an cakuɗa. Aiki ne mai cin rai, Seurat ya shafe kusan shekara biyu a kan wannan zane ɗaya.

'Yan kallo sun yi dariya, amma mambobi ba su yi ba. Finch ne ya fara komawa zanen ɗige-ɗige, Van Rysselberghe ya bi, sai Toorop da Anna Boch, sai sababbin shiga Georges Lemmen da Henry van de Velde. Cikin shekara biyu zuwa uku, Burasels ta zama gida na biyu ga wannan salo bayan Faris. Van Rysselberghe har ya yi abin da Faransawan ba su cika yi ba, ya riƙa zana hotunan mutane da ɗige-ɗige. A 1891 Signac ya zama cikakken mamba. Ƙungiyar da ta ƙi rubuta aƙida ta wayi gari da aƙidar da baƙo ya shigo da ita a cikin akwati.

Ensor bai yafe wannan ba. A ganinsa haske abu ne na ruhi da firgici, ba lissafi ba, masu ɗige-ɗige kuwa sun mayar da zane aikin awo. Ya ƙara nutsewa cikin duniyarsa ta ƙwarangwal da fuskokin wasa irin waɗanda ake sayarwa a shagon mahaifiyarsa na kayan tsaraba a Ostend. A 1888 ya fara zanen da ya fi na Seurat girma, faɗinsa ya haura mita 4: Almasihu yana shiga Burasels a kan jaki, ya kusa ɓacewa cikin taron 'yan biki da 'yan badujala da 'yan siyasa, ga wani jan ƙyalle na kirarin 'yan gurguzu a sama. A can gefe ya zana wani bene mai ɗauke da alamar XX, mutane a kai suna amai. Sunan zanen ya fito a kundin baje kolin 1889, amma bai hau bango ba. Masana tarihi sun rabu, wasu na cewa ƙin sa aka yi, wasu na cewa bai gama shi ba ne. Ko wanne ne, zanen ya zauna a ɗakinsa, jama'a ba su gan shi a baje koli ba sai 1929. Yau yana gidan tarihin Getty a Los Angeles, na Seurat kuma yana Chicago.

A 1889 Gauguin ya aiko da ayyukansa daga yankin Bretagne, ciki har da na matan ƙauye masu fararen huluna da ke kallon kokawar Annabi Yaƙubu da mala'ika, kamar yadda labarin ya zo a Attaura, a kan fili ja wur. Aka yi masa ba'a sosai. Anna Boch ta sayi ɗaya daga cikin zanukan. Wannan mata ta cancanci a tsaya a kanta. 'Yar gidan Boch ce, masu masana'antar tangaran a La Louvière, tana da kuɗin kanta, tana zane, kuma tana sayen aikin waɗanda ba wanda ke saya. Ƙungiyar baje koli tana iya jawo 'yan kallo da 'yan jarida, amma mai zane ba ya cin yabo. Ba don irin su Anna Boch ba, da baƙi da yawa sun biya kuɗin dakon akwati a banza.

Ƙanenta Eugène Boch ya san Vincent van Gogh a kudancin Faransa, har Van Gogh ya zana hotonsa a 1888. A ƙarshen 1889 Maus ya aika wa Van Gogh gayyata, yana kwance a asibitin masu taɓin hankali na Saint-Rémy. Ya aiko da zane shida: biyu na furannin nan masu bin rana, da gonar itatuwa masu fure, da gonar alkama da hantsi, da wani ganye mai yaɗo a jikin itatuwa, da jar gonar inabi. A baje kolin ne kuma Cézanne ya nuna zane uku, a lokacin da kusan ba a ganin aikinsa ko'ina, domin sai 1895 aka yi masa baje kolin kansa na farko a Faris.

Kafin a buɗe a watan Janairu 1890, wani mamba mai suna Henry de Groux ya ce ba zai yarda a rataya aikinsa a ɗaki ɗaya da tukunyar furannin Van Gogh ba. A wurin liyafar ƙungiya ya ƙara da zagi, ya kira shi jahili kuma ɗan damfara. Van Gogh ba ya nan. Toulouse-Lautrec, wanda ya san shi tun suna ɗalibai a Faris, ya miƙe ya ƙalubalanci De Groux su yi fito-na-fito da makami, kamar yadda masu ji da kansu ke wanke mutunci a Turai ta lokacin. Signac ya ce in an kashe Lautrec shi zai ɗora daga inda ya tsaya. Ba a kai ga zub da jini ba, amma De Groux ya bar ƙungiyar. A duba abin da ya faru da kyau: mamba ne, mai haƙƙin bango, ya nemi ya yi wa baƙo hukuncin da Salon ke yi, ƙungiya ta zaɓi baƙon ta bar nata ya tafi. Tambayar da Ensor ya tayar a 1886 ta samu amsa a aikace, ko da ba a rubuta ta ba.

Anna Boch ta sayi jar gonar inabin a kan faran 400. Ana yawan cewa shi ne zane ɗaya tak da Van Gogh ya sayar a rayuwarsa. Wasiƙunsa sun nuna an ɗan sayi wasu, amma wannan ne aka san sunansa da mai sayensa da farashinsa ba tare da jayayya ba. Daga baya ta sayar, ya faɗa hannun attajirin Mosko Ivan Morozov, gwamnati ta ƙwace tarinsa bayan juyin juya halin 1917, yanzu zanen yana gidan tarihin Pushkin. Van Gogh ya rasu a Yuli 1890, 'Yan Ashirin suka yi masa baje kolin tunawa a 1891. Seurat ya rasu a Maris 1891 yana da shekara 31, suka yi masa nasa a 1892.

Maus bai tsaya ga bango ba. A cikin ɗakunan baje kolin ake shirya kaɗe-kaɗe da laccoci, mai goge Eugène Ysaÿe da Vincent d'Indy suna kawo sabon kiɗan Faransa, mawaƙa irin su Mallarmé da Verlaine suna jawabi. Daga 1891 kuma aka buɗe ƙofa ga abin da Salon ke rainawa a matsayin sana'ar hannu: fosta, da littattafan yara masu hotuna na Ba'ingilishe Walter Crane, da tukwanen da Gauguin ya gina, daga baya har da ɗinki da kayan ɗaki. Wannan ne ya sauya rayuwar wasu mambobi gaba ɗaya. Finch ya koma ginin tangaran, ya yi aiki a masana'antar su Boch, a 1897 ya tafi Finlan inda ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa. Van de Velde ya nuna wani aikin ɗinki a baje kolin 1893, ya ajiye buroshi, ya koma zayyanar kujeru da gidaje. Ya tafi Weimar a Jamus ya jagoranci makarantar sana'o'in hannu, ya kuma ba da sunan Walter Gropius a cikin waɗanda za su gaje shi, daga nan Bauhaus, shahararriyar makarantar zayyana da gine-gine, ta fito a 1919. A daidai lokacin da ƙungiyar ke rufewa ne Victor Horta ke gina gidan Tassel a Burasels, wanda ake ƙirga shi cikin gine-ginen farko na salon Art Nouveau.

Mai karatu ɗan Afirka ba zai rasa tambayar ina kuɗin wannan zamani ya fito ba. Beljiyam ta lokacin ƙasar kwal da ƙarfe da gilashi ce, ma'aikatanta na cikin ƙunci, har yajin aikin 1886 ya kai ga sojoji sun harbe mutane. Jaridu sun sha jingina 'Yan Ashirin da masu neman juyin juya hali, wasunsu kuma da gaske suna tare da jam'iyyar ma'aikata da aka kafa a 1885, duk da cewa masu sayen zanensu 'ya'yan masu masana'antu ne. A wannan shekara ta 1885 Sarki Leopold na Biyu ya mallaki Kwango a matsayin dukiyar kansa. Shekara huɗu bayan rushewar ƙungiyar, a baje kolin mulkin mallaka na Tervuren a 1897, Van de Velde na cikin waɗanda suka ƙawata ɗakunan da aka tallata katako da roba da hauren giwar Kwango da sabon salo, a waje kuma an ajiye 'yan Kwango 267 a ƙauyukan kallo, bakwai daga cikinsu suka mutu. Tawayen nasu a kan alƙalan zane ya tsaya, bai taɓa fadar sarki ba.

A 1893, bayan baje koli na goma, mambobi suka kaɗa ƙuri'ar rushe ƙungiyar. Hujjar masu goyon baya ita ce ƙungiyar 'yan gaba-dai ba ta kamata ta daɗe ba, in ta daɗe sai ta zama hukumar da wasu matasa za su yi wa tawaye. Hujjar tana da ƙarfi, L'Essor shaida ce. Amma akwai abin da ba a faɗa da babbar murya ba. Gurabe ashirin na dindindin sun zama kaya. Wasu mambobin sun tsaya inda suke tun 1884, ga shi dole a ba su bango kowace shekara, alhali abin da ke jawo jama'a da 'yan jaridar ƙetare shi ne baƙi. Rigingimun cikin gida kuma sun gajiyar da kowa. Ensor ya yi adawa da rushewar, kuma dalilinsa a fili yake: duk faɗan da yake yi da su, nan ne kaɗai wurin da yake da haƙƙin nuna aiki ba tare da neman alfarma ba.

Abin da ya biyo baya shi ya fallasa inda iko yake tun farko. Maus ya kafa La Libre Esthétique, ta yi baje kolinta na farko a 1894. A sabuwar ƙungiyar babu mai zane ko ɗaya a cikin mambobi. Mambobin masu kuɗi ne da masu sha'awa da ke biyan gudummawa, masu zane duka baƙi ne, mai gayyata kuma Maus. Ba karɓa-karɓa, ba ƙuri'ar abokan sana'a. Aikin ya yi kyau, ba a musu: a Maris 1894 aka shirya taron kiɗan Debussy zalla a ɗakunanta, sana'o'in hannu suka samu fili fiye da da, kuma ta ci gaba kowace shekara har 1914, shekarar da sojojin Jamus suka shiga Beljiyam. Ta ninka 'Yan Ashirin tsawon rai. Sai dai ba ƙungiyar masu zane ba ce kuma, zaɓin mutum ɗaya ne da kuɗin abokansa.

A wasu biranen masu zane suka ci gaba da ɓallewa daga manyan ƙungiyoyin hukuma suna kafa nasu, a Munik a 1892, a Viyana a 1897, a Balin a 1898, su ma suna gayyato baƙi, suna rage cunkoson bango. Na Viyana sun nuna ayyukan Khnopff a baje kolinsu na farko a 1898. Amma waɗannan sun naɗa shugabanni, ba su sake gwada zaman babu-shugaba ba, kuma su ma rikicin wa zai shiga wa zai fita ya tsaga su daga baya.

Ensor kuwa, a shekarar da aka rushe ƙungiyar ya sa duk abin da ke ɗakin aikinsa a kasuwa a kan faran 8,500, bai samu mai saye ba. Ya ci gaba da nuna aiki a Burasels, har a La Libre Esthétique, amma yanzu shi ma sai wasiƙar Maus ta iso Ostend. Sai a 1929, shekara goma bayan rasuwar Maus, Sarki Albert na Ɗaya ya ba shi sarautar baron.